Wace doka ce ta ba ka iko? Amsa kan kundin tsarin mulki da iyakar gwamnati

Wani ɗan kasuwa ya aiko mini da wannan tambaya: "Barista, ƙanena ya karɓi kaya bashi a hannun wani mutum, ciniki ya karye masa, ya kasa biya a kan lokaci. Mai kayan ya ɗauko 'yan sanda, da ba su same shi a gida ba sai suka tafi da mahaifinmu, dattijo mai shekara 70 da ɗoriya. Kwanansa huɗu a caji ofis, sai da muka haɗa kuɗi aka sake shi. Kullum ina jin ana ambaton kundin tsarin mulki a rediyo. Shi wannan kundi mene ne amfaninsa ga irinmu? Akwai abin da gwamnati ba ta isa ta yi ba, ko kuwa duk abin da mai iko ya ga dama shi ne doka?"

Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya huci zuciyarsa. Tun daga farko ka sani cewa abin da aka yi masa ya saɓa wa dokar ƙasa ta fuska fiye da ɗaya, kuma zan bi su daki-daki. Amma bari in fara ba ka ma'aunin da nake ba duk wanda ya zauna a ofishina da irin wannan kuka, domin da shi za ka iya auna lamarin da ban ambata ba.

Ni da kai, da ba mu riƙe da muƙami, muna da damar yin duk abin da doka ba ta hana ba. Ba sai ka nuna wa kowa takardar izini ba kafin ka buɗe baki ka yi magana, ko ka hau mota ka tafi Legas, ko ka tara maƙwabta a ƙofar gida ku tattauna matsalar ruwa. Shi kuwa mai muƙami, daga shugaban ƙasa har kurtun ɗan sanda, ƙa'idarsa a juye take: ba shi da damar taɓa jikinka, ko dukiyarka, ko 'yancinka, sai in akwai rubutacciyar doka da ta ba shi wannan iko, kuma ita dokar ba ta ci karo da kundin tsarin mulki ba. Kaki ba doka ba ne, jiniya ma haka. Saboda haka tambayar da ta fi kowace ƙarfi a bakin ɗan ƙasa ita ce: wace doka ce ta ba ka iko? In babu amsa, to abin da aka yi ƙarfa-ƙarfa ce, ko da wane ne ya yi ta.

Kundin da muke aiki da shi a Nijeriya yau shi ne na 1999. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fito da shi ta dokar soja mai lamba 24, bayan wani kwamiti da Mai Shari'a Niki Tobi ya jagoranta ya ji ra'ayoyin jama'a, ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. Yana da babi 8 da sashe 320. Mafi yawan abin da ke ciki daga kundin 1979 aka ɗebo shi, wanda Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta shi a 1975 a ƙarƙashin Rotimi Williams. Za ka ji masana suna sukar sa da cewa ya buɗe da "Mu al'ummar Nijeriya" alhali ba a taɓa kai shi gaban al'umma sun kaɗa ƙuri'a a kansa ba. Sukar tana da hujja, ni ma ina tare da masu yin ta. Sai dai duk da wannan tabo, shi ne littafin da shugaban ƙasa da gwamna da alƙali da ɗan majalisa suke rantsuwa za su kiyaye kafin su hau kujera. Wanda ya rantse a kan abu, da shi ake kama shi.

Sashe na 1 ya ce wannan kundi shi ne sama da kowace doka, yana hawa kan kowane mutum da kowace hukuma, kuma duk dokar da ta saɓa masa ta faɗi gwargwadon saɓawarta. In kana son ka gane nauyin wannan sashe, duba abin da sojoji suke fara yi duk ranar da suka kifar da gwamnati: dokarsu ta farko ita ce ta jingine sassan kundin tsarin mulki. Sai da aka jingine shi sannan aka iya kafa doka mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, da mai lamba 4 ta wannan shekarar da aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta. Da kundin ba ya hana komai, da ba wanda zai ɓata lokaci wajen jingine shi.

To mu dawo kan Baba.

Na farko, an kama shi a madadin ɗansa. Sashe na 35 ya ce ba a tauye wa mutum 'yancinsa sai ta hanyoyin da ya lissafa, kamar hukuncin kotu, ko zargi mai tushe cewa shi da kansa ya aikata laifi. Haihuwar wanda ake nema ba ta cikin lissafin. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashenta na 7, ta fito fili ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita hanin, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun a makarantar allo muka san wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Na biyu, bashi ba laifi ba ne. Wanda ya karɓi kaya da niyyar biya, kasuwa ta juya masa baya, tsakaninsa da mai kaya magana ce ta haƙƙi, wurinta kotu. Waɗannan dokoki biyu da na ambata sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin ciniki kawai, kuma manyan kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Abin da aka saba yi shi ne a canza wa bashin suna a takardar ƙorafi, a kira shi zamba ko cin amana, domin a sami ƙofar kamu. Zamba laifi ce, ba shakka, amma sai an nuna cewa tun ranar karɓar kayan mutumin ya zo da yaudara. Karyewar jari daban, yaudara daban.

Na uku, kwana huɗu. Nan ne nake so ka haddace lambobin, domin su ne makaminka a gaban kanta. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. In Hausa kaɗai Baba yake ji, to da Hausa za a gaya masa. Sannan dole a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da halin wurin. Ka duba garinku: akwai caji ofis ɗin da ya yi nisan kilomita 40 da kotun majistare? A cikin birane da wuya. Akwai togaciya ga wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma 'yan sanda na iya zuwa gaban majistare su nemi izinin ci gaba da tsare mutum na ƙayyadadden lokaci. Amma ka lura, alƙali ne ke ba da wannan izini. Mai kamu ba ya ba kansa.

Na huɗu, kuɗin da kuka haɗa. Beli a caji ofis kyauta ne, har a bangon ofisoshin ake rubutawa. Beli alkawari ne cewa mutum zai dawo ranar da aka neme shi, wani ya tsaya masa. Kuma mace na iya tsayawa beli, dokar 2015 ta faɗa da baki, duk da har yau akwai inda ake mayar da uwa ko matar aure a ce ta je ta kawo namiji.

Sashe na 35 ya kuma ƙunshi abin da mutane ƙalilan suka sani: duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Haƙƙi ne a rubuce, ba alfarma ba.

Farkon fara aikina na je wani caji ofis da yamma, ana gab da magariba. A bakin ƙofa na tarar da wata tsohuwa zaune a kan dakali, ta rungume kwanon abinci ɗaure da ɗankwali, kwana uku ke nan tana zuwa. A ciki, gefen kanta, an tara silifas da bel da hulunan waɗanda aka shigar. Ɗanta tela ne, ya karɓi ɗinkin biki bai gama ba, mai kayan ta kawo ƙara. Ban ɗaga murya ba, ban kira wani babba a waya ba. Na yi sallama, na nemi ganin mai binciken, na tambaye shi ranar da aka rubuta shigowar yaron a littafinsu, da sunan laifin da ake tuhumarsa da shi, da kotun da za a kai shi gobe. Ya juya fayil ɗin sau biyu, ya shiga ciki, ya fito. Kafin a kira isha'i yaron yana waje yana neman takalminsa a cikin tarin. Tsohuwar ta yi ta sa mini albarka kamar na yi wani abin al'ajabi, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayoyi uku ne kawai, kuma da ita ko wani ɗan'uwanta sun san su, da yaron bai kwana uku ba. Ba na cewa kullum haka take ƙarewa. Na je wuraren da na yi tambayoyin aka kore ni, sai da muka dangana da kotu. Amma na ga isasshen abin da ya tabbatar mini cewa mai iko yana canza taku in ya gane wanda ke gabansa ya san iyakarsa.

Kada ka ɗauka ƙananan jami'ai kaɗai wannan linzami yake kamawa. A watan Janairun 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Aka shigar da ƙara a babbar kotu a Maiduguri, kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta ba shi diyya. Wannan haƙƙi yau yana sashe na 41: ɗan ƙasa na iya zama ko'ina a Nijeriya, ba a korar sa daga ƙasar, ba a hana shi shigowa. Da wannan sashe da na 35 aka yi aiki a 2020, lokacin da gwamnatin Kano ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu aka kai shi Awe a jihar Nasarawa. Cikin 'yan kwanaki babbar kotun tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, daga baya kuma ta yanke hukunci cewa tsare shi a can ya saɓa wa tsarin mulki. Ba maganar sauke sarki ko naɗa shi nake yi ba, wannan shari'a ce daban. Abin da kotu ta ce shi ne al'adar kai saukakken sarki wani gari a killace shi, wadda aka gada tun zamanin Turawa, ba ta da gurbi a ƙarƙashin wannan kundi. Sashen da ya fito da sarki daga Awe shi ne dai sashen da ya kamata ya fito da Baba daga bayan kanta, harafi ɗaya bai bambanta ba.

Haka maganar taro. Shekara da shekaru ana cewa ba a yin gangami sai da izinin 'yan sanda. A Satumbar 2003 aka tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa a kan rashin izini. Jam'iyyun adawa suka kai ƙara, kuma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izinin ya saɓa wa sashe na 39 da na 40, masu kare faɗin albarkacin baki da taruwa cikin lumana. Aikin ɗan sanda a wurin taro shi ne ba da tsaro.

Sai dai in gaya maka gaskiya, waɗannan haƙƙoƙi suna da iyaka su ma. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wasu daga ciki, kamar magana da taro da zirga-zirga, saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, ko tarbiyya, ko kare haƙƙin wasu. Daga nan dokar hana fita ke samun gindin zama a lokacin rikici, daga nan kuma ake hukunta mai ɓata sunan wani. Amma sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu: sai da doka, kuma sai dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Furucin gwamna a gaban makirufo ba doka ba ne. Sashe na 36 ma ya ce ba a hukunta mutum a kan wani laifi sai an rubuta laifin da hukuncinsa a cikin doka. Wannan ne ya sa da Zamfara da jihohin da suka bi sahunta suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, sai da majalisunsu suka zauna suka rubuta laifuffukan da hukunce-hukuncen a matsayin dokar jiha, sannan alƙalai suka iya aiki da su.

Ɗaya hanyar da kundin ya bi wajen ɗaure mai mulki ita ce raba ikon gida uku don kada ya taru a hannu ɗaya. Majalisa ke yin doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta fassara ta raba gardama. Sashe na 80 ya hana a ciri ko sisi daga asusun tarayya sai majalisa ta amince a kasafin kuɗi, haka kuma a jihohi. Shugaban ƙasa ba ya shelanta yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, kuma ba ya tura soja fagen daga a wajen ƙasa sai da amincewar majalisar dattawa, in ban da halin gaggawa da kundin ya ware. Mun ga amfanin wannan da idonmu a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, lokacin da hankalin mutanen Katsina da Maraɗi, da na Sakkwato da Birnin Ƙonni ya tashi saboda maganar kai hari. Majalisar dattawa ta zauna ta ce a bi hanyar sulhu. Wa'adin mulki ma haka: zango biyu na shekara hurhuɗu ga shugaban ƙasa da gwamna. Da aka so sauya wannan domin tazarce, majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin ranar 16 ga Mayu, 2006. Gyaran kundin ba ya yiwuwa sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. In babin haƙƙin ɗan'adam za a taɓa, sai an sami kashi huɗu cikin biyar a majalisun tarayya. An yi shi da wuya ne da gangan, amma yana yiwuwa: a 2018 matasa sun matsa har aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25.

Ita majalisar ma ba a bar ta sakaka ba. A ƙarshen 2005 wasu 'yan majalisar jihar Oyo su 18 cikin 32 suka zauna a otal a Ibadan suka shirya tsige Gwamna Rashidi Ladoja, aka tsige shi a Janairun 2006. Kotun ƙoli ta ce ba a bi matakan da sashe na 188 ya shimfiɗa ba, Ladoja ya koma kujerarsa.

Yanzu kuma ga inda kundin yake da rauni, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babi na 2 shi ne mafi daɗin karantawa. A nan aka ce mulki na jama'a ne, aka ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, aka yi maganar ilimi kyauta, da asibiti, da matsuguni, da albashin da zai riƙe mutum. Amma sashe na 6 ya zare hannun kotu daga wannan babi. Ma'ana, ba za ka iya kai gwamna ƙara ka ce ya saɓa wa babi na 2 don asibitin garinku ba magani. Wannan abu yana ci mini rai matuƙa, domin mutumin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ko matar da ta rasa jariri a hanyar asibiti, abin da suka fi buƙata daga gwamnati yana cikin babin da aka hana kotu taɓawa. Ƙofar da ta rage ita ce in majalisa ta ɗauki wani alkawari daga babin ta mayar da shi doka, to ya zama abin da za a iya nema a kotu. Haka aka yi da ilimin bai-ɗaya a 2004, inda doka ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, shekara tara. Sauran alkawuran kuwa ranar zaɓe ake bin bashinsu.

Rauni na biyu rigar kariya ce. Sashe na 308 ya hana a gurfanar da mutum huɗu muddin suna kan kujera: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, mataimakinsa. Su kaɗai. Minista ba shi da ita, kwamishina ba shi da ita, sanata da shugaban ƙaramar hukuma da sarki duk ba su da ita. Su huɗun ma kotun ƙoli ta ce ana iya bincikarsu, a ajiye fayil har su sauka, kuma rigar ba ta hana a kai gwamnati ƙara a kan aikin da ta yi. Mun ga tsofaffin gwamnoni da suka shiga gidan yari bayan sun tuɓe ta.

Rauni na uku shi ne wanda ya fi damun lauyoyi: a yi hukunci a ƙi bi. Ranar 3 ga Maris, 2023, lokacin da mutane ke kwana a layin banki saboda canjin kuɗi, kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki. Sai da aka ƙara kwana goma kafin babban banki ya fito ya ce ya bi. Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya sami beli daga kotuna daban-daban amma ya zauna a tsare daga 2015 har Disambar 2019. Ranar 11 ga Yuli, 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi 774 kai tsaye zuwa asusunsu, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa sashe na 7, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Wanda ya ce maka rubutun kaɗai ya isa, bai shiga kotu ba. Sai dai ka lura da wani abu a duk waɗannan misalai: hukuncin ne ya ba jama'a da 'yan jarida abin riƙewa suna tambaya, har mai iko ya gaji da kare kansa. Kuma babu hukuncin da ya faɗo daga sama, kowanne wani ne ya tashi ya shigar da ƙara.

Akwai kayan aiki biyu da ba sa buƙatar lauya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnati wasiƙa ka nemi takardun wani aiki, misali nawa aka ware wa gyaran makarantar unguwarku da wanda aka ba kwangilar, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma an ba su kwana bakwai su amsa. Sai kiranye: sashe na 69 da na 110 sun ba mazaɓa damar dawo da ɗan majalisarsu gida in fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai tsauri, an gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018 ba ta kai ba.

Game da Baba, ga shawarata. Sashe na 46 ya ba duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, damar zuwa babbar kotun jiharsa kai tsaye. Ƙa'idojin irin wannan ƙara da aka fitar a 2009 sun sauƙaƙa ta: yawanci da takardar rantsuwa ake yin ta ba tare da jeren shaidu ba, ɗa ko ɗan'uwa na iya shigarwa a madadin wanda abin ya shafa, kuma tsufan magana ba ya kashe ta. Ana haɗawa da mai kayan a cikin waɗanda ake ƙara, in ta tabbata shi ya ingiza aka yi kamun alhali ya san bashi ne. Abin da za a nema shi ne kotu ta bayyana cewa kamun da tsarewar haramtattu ne, ta ba da diyya, ta sa a ba da haƙuri, ta kuma hana a sake taɓa shi a kan wannan magana. Ba zan ɓoye maka ba, karɓo diyya daga asusun hukuma ya fi cin shari'ar wahala, yana iya ɗaukar lokaci mai tsawo. Amma umarnin hana sake kamu yana aiki tun daga ranar da aka miƙa musu shi, kuma shi ne zai sa dattijo ya yi barci da ido biyu rufe. In kuɗin lauya ya gagara, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofisoshi a jihohi kuma ba sa karɓar kuɗin ƙorafi.

Shi kuma ƙanenka ya fito daga ɓuya. Bashin yana nan a wuyansa, kundin tsarin mulki bai yafe masa ko kwabo ba, kuma mai kayan yana da cikakken haƙƙin kai shi kotu. Ku sami dattawan kasuwa ko shugaban layinku, a zauna a rubuta yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, ku riƙe kwafi. Wannan takarda da kanta hujja ce cewa maganar bashi ce ba zamba ba.

Kafin ka je wurin lauya, yau ɗin nan ka zauna da Baba tun abin bai fara dushewa a ransa ba, ka ɗauki biro ka rubuta ranar da aka zo da lokacin, su nawa ne, wa ya gani a unguwa, ko an gaya masa laifinsa, ko an sa shi dangwala hannu a wata takarda, ranar da ya fito, nawa kuka bayar da wanda ya karɓa. In ta waya aka tura kuɗin, kada ka goge saƙon banki. In ya fito da ciwo ko hawan jininsa ya tashi, ku kai shi asibitin gwamnati a duba shi, ku adana katin da takardar magani.